Ranar da Munka Cinye Kabewar Ummi

Duk wanda yac ce muku ƙasar Kanada akwai sanyi, ku ce mishi Lawali ɗan mahautan Talata Mafara ya ce bai faɗi rabin zancen ba. Can in ka yi wa maƙwabcinka sallama a waje cikin watan Janairu, daskarewa take yi a iska, sai Afrilu ta narke shi ji ta shi amsa. Na san za ku ce Lawali ya fara. Ku bar ni in fara, ai bakina ne.

Zangona na farko wani babban birni ne, hannun wani ɗan uwanmu da anka haɗa ni da shi ta waya, Garba Dogo, mutumin wajen Maradun. Ya tarbe ni da runguma har da ƙwalla. Kwana biyu niy yi wurinshi. Cikin kwana biyun nan yad dubi babbar rigata ta shadda da niz zo da ita don sallar idi, yag girgiza kai yac ce, "Lawali, sanyin ƙasar ga cin shadda shike kamar gara. Kawo in aje maka." Nib ba shi. Shi kuma yab ba ni wata rigar sanyi mai gashi a wuya, yac ce irin ta manyan 'yan kasuwa ce. Har yau shina aje mani rigata. Na gan ta jikinshi a hoton suna uku da ɗaurin aure ɗaya, gara ba ta taɓa ta ba, Allah shi saka mishi.

Da wagga riga mai gashi nish shiga motar da za ta kai ni garin aikina. Tafiya ce ta yini guda, ba dutse ba itace, fili fetal kamar an bi ƙasar da dutsen guga. Ina lura mutane na kallona suna murmushi, nic ce a raina, ka ga ƙasar da anka san darajar baƙo. Sai da munka tsaya shan shayi, direbar motar, wata mace da za ta iya saɓa buhun shinkafa biyu ta yi tsere da su, taj ja ni gefe inda ba mai ji, tac ce, "Ɗan uwa, rigarka tana da kyau, kuma za ta tsare ka. Amma gara ka sani, ta mata ce." Ko murmushi ba ta yi ba. Tad dubi hannuwana da sunka yi furu-furu, tac cire safar hannunta tab ba ni. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta addu'a.

Zango na biyu mayanka, don aikin da yak kai ni ke nan. Ni da nike taƙama ranar Talata ba mai feɗe sa da saurina a kasuwa, can sa ke zuwa da kanshi rataye a ƙugiya, kai dai ka tsaya wuri ɗaya da farar hula ta roba, yanka guda anka ba ka, shi za ka yi ta yi daga asuba har azahar. Ba ciniki, ba gardama, ba kare mai jiran ƙashi. A Mafara akwai wata tsohuwa daga Ruwan Gizo da ke zuwa tebur ɗina duk mako ta zage ni tas a kan gyara. Wata shida ina mafarkinta. Wallahi na yi kewar zagin nan fiye da yadda niy yi kewar wasu dangi.

Shekara ɗaya da rabi ina zaman gwauro kafin takardun iyalina su fito. Matata Luba 'yar Bakura ce, kun dai san mutanen Bakura, in sun ce a'a ko jirgin ƙasa ne sai shi juya. Sai ɗiyarmu Ummi, mai sunan mahaifiyata, shekararta bakwai. Sunka iso ƙarshen sanyi, munka kama ɗan gida a wani layi mai gidaje kamar ashirin, mu kaɗai baƙaƙe.

A nan tafiyar tay yi mani nauyin da sanyi bai yi mani ba. Ummi a Mafara rediyo ce da ba ta da wurin kashewa. Ta yi hira da mai nono, ta yi da mai gyaran babur, in ba kowa ta yi da akuya. Da munka sa ta makaranta a can, sai bakin yar rufe. Malamarta tac ce tana jin Turancin, tana rubuta shi, har ta fi wasu, amma ko kalma ɗaya ba ta taɓa furtawa ba. Ba ƙawa, ba abokin wasa. A gida ma daga "i" sai "a'a". Abinci kuwa sai ta tsakura ta ture. Ni kuma in wani yay yi mata magana a hanya, kafin ta ɗaga kai na riga na amsa: "Kunya take ji, haka yaranmu suke." Ina ganin taimakonta nike yi.

Surukata, Inna, tana Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, duk Juma'a sai ta sa an kira mata mu. Wata rana tad dubi fuskar jikarta a waya tac ce, "Lawali, wagga ba Ummina ba ce. Ba a dasa gero bisa ƙanƙara. Ku maido mani yarinya tun tana da sauran kumatu."

Niy yi dariya nic ce, "Inna, ai kumatun ne sanyi yat tsuke, da zafi za su dawo."

Ba wanda yay yi dariya. Da anka kashe waya Luba tac ce, "Baban Ummi, ka ji ni da kyau, ba wasa nike ba. In anka yi hutun ƙarshen shekara yarinyar ga ba ta buɗe baki ba, ni da ita mun koma Bakura. Kai ka zauna ka yi ta yankan shanunka."

Nic ce, "Haba 'yar Bakura, shekara ɗaya da rabi ina cin burodi da ruwan zafi ina jiranku."

Tac ce, "Burodi ba shi kisa. Wanga shiru shina kisa."

 Ni, Lawali, an kada ni a magana. Ku rubuta ku aje.

Ana cikin haka watan Oktoba yak kama. Wata safiya na fito za ni aiki, sai ga ƙwarangwal ɗin mutum zaune bisa kujera ƙofar gidan maƙwabcina, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da kofin shayi a hannu. Duk addu'ar da nis sani sai da nik karanta, har da ta shiga kasuwa. Gaba kaɗan ga kaburbura uku sun tsiro a ciyawar wani gida da jiya ba su nan. Gaba kuma gizo-gizo ƙato kamar ɗan maraƙi ya hau rufi. Da nike gwauro, ɗakin ma'aikata na bayan gari nike zaune, ban taɓa ganin irin wanga ba. Nic ce shi ke nan, wata bakwai muna zaune cikin matsafa ba mu sani ba. A wurin aiki anka yi mani dariya har wani yay yar da wuƙarshi, sannan anka yi mani bayani: duk roba ce. Biki ne da suke cewa Halowin, daren ƙarshe na watan. Yara su yi shigar ban dariya ko ta ban tsoro, su bi gida-gida a ba su alawa. Nic ce, au, tashe! Ku ce mani tashe ne mana, kunka bar ni ina neman tsari da roba.

Gidan da ke kallon namu na wata tsohuwa ne, Helen, ni nis sa mata Goggo Helen. Mijinta ya rasu, ita kaɗai take, sai jikarta Sofi da ke zuwa wurinta in an tashi makaranta, aji ɗaya suke da Ummi. Goggo Helen tana da lambu bayan gida. Tun zuwanmu kullum na gan ta sai na tsaya na gaishe ta irin tamu: kwana, gajiya, gida, jika, sanyi, lambu. Farko tana amsa ɗaya ta juya, sai ta ji na jefo wata. Daga baya ta gane, in ta hango ni sai ta aje abin da ke hannunta ta gyara tsayuwa.

Saura kwana biyu bikin, ranar ba ni da aiki, Ummi ta tafi makaranta, Luba tab buɗe ƙofa sai nij ji ta yi salati. Kabewa ce zaune bakin ƙofarmu. Ba irin kabewar da kunka sani ba. Wagga in ka fafe ta, iyali guda za su shiga su tsallake gulbin Bakura da damina. Ja jawur, tana sheƙi. Kuma a jikinta ga suna, UMMI, ba da alƙalami ba, a cikin fatar kanta, ya yi tudu kamar tabon shasshawa.

Nic ce, "Ikon Allah. Luba, ɗauki hoto, kabewa ta fito da sunan ɗiyarki."

Luba tad duƙa tana shafa ta kamar ta ga 'yar uwarta. Wata bakwai rabonta da kabewa. Tac ce, "Tsohuwar nan ce, ita ke da lambu. Ta lura yarinyar ba ta cin abinci, shi ne ta aiko mata. Ka ga mutuniyar kirki. Baban Ummi, in Ummi ba ta ci komi ba a duniya, tana cin miyar taushe."

To ku gaya mani, jama'a, wane ɗan Mafara ne za a aje wa kabewa ƙofar gida shi yi tunanin wani abu ban da tukunya? Gaskiya ne na ga kabewa ƙofar gidajen mutane an yi musu ido da haƙora, amma na ɗauka waɗanda sunka lalace ne ake wasa da su. Niɗ ɗauko wuƙata ina kirari. Cikin minti biyar na raba ta, na fere, na yayyanka. Luba taf fito da daddawar da take ɓoyo kamar zinari, ga gyaɗa, ga alayyafo, ga ƙashin da nik kawo daga aiki. Tat tuƙa tuwon shinkafa. Gidan yak kama ƙamshi, har nij ji kamar in na leƙa taga zan ga masu babur na Mafara. Luba na waƙa a kicin. Rabon da in ji ta tana waƙa na manta.

Ƙarfe uku munka hango Ummi ta sauko motar makaranta da gudu. Gudu fa! Yarinyar da ke tafiya kamar an aike ta karɓo bulala. Tad duba bakin ƙofa, tad duba bayan ƙofa, tash shigo tana haki tac ce, "Baba, ina kabewata?"

Jimla guda cikakkiya. Luba tad dube ni da murna tac ce, "Ga ta nan, uwata, tana jiranki." Tab buɗe tukunya.

Ummi tat tsaya tana kallon miya tana tafasa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Tab buɗe jakarta taz zaro wata takarda tam miƙa mani. Zane ne na yara: yarinya biyu, ɗaya fara ɗaya baƙa, kowace da kabewarta, ƙasa an rubuta, gobe bayan makaranta, gidan kakata. Sofi ta ba ta. Gayya ta farko da wani yaro yay yi wa ɗiyata a ƙasar nan, mu kuma mun sa mata daddawa.

Taw wuce kwandon shara tat tona, taf fito da ɓawon da ke da sunanta. Wuƙata ta raba shi, saura UMM. Tash shige ɗaki da shi tar rufe ƙofa.

Niz zari makullin mota. Nic ce kabewa dai ce, garin ga cike shike da ita. Nis samo wata a kanti, niz zauna cikin mota da ƙusa ina ƙoƙarin rubuta suna. Sai ruwa ke fita, ba tudu ba tabo, kamar kaza ta yi tono. Wani dattijo da ke tura keken kaya yal leƙo yac ce, "Kabewar Helen kake son kwaikwaya? Ba ta kwaikwayuwa." Shi yay yi mani bayani. Duk shekara tsakiyar rani, tun kabewa na kamar lemun tsami, Goggo Helen ke bi da allura ta rubuta sunan kowane yaro na layinmu a jikin guda. Kabewa na girma, suna na girma tare da ita. Sunan nan da niy yi wa dariya, wata uku ke nan da rubuta shi. Tun muna ganin ba wanda yas san da mu a layin, tsohuwar nan ta tambayi yadda ake rubuta sunan ɗiyata, ta duƙa cikin lambu da gwiwarta mai ciwo ta sa ta cikin yaran unguwa.

Nik koma gida nig gaya wa Luba. Taz zauna bisa kujera tar riƙe kai. Can tac ce, "To sai mu kai mata. Ba a cin kyautar mutum a ɓoye mishi." Taz zuba tuwo da miya a kwanon samira mai murfi, irin na kai wa surukai.

Washegari bayan makaranta munka tsallaka titi mu uku kamar masu zuwa biko. Ummi ba ta so zuwa ba, uwarta tac ce ko ba kabewa an gayyace ki, kuma ba a ƙin amsa gayya. Goggo Helen tab buɗe ƙofa. Nif fara: kwana, gajiya, gida, lambu.  Nib buɗe kwano nic ce, "Goggo, ga kabewar Ummi."

Tad dubi miya. Tad dube ni. Tad dubi Luba. Tash shiga ciki, nic ce yau sai 'yan sanda. Sai ga ta da cokali. A tsaye bakin ƙofa tak kai loma, yaji yak kama ta tay yi tari har da hawaye, tas sake kai wata. Tac ce, "Shekara arba'in ina noman abin ga, yara su fafe su kunna kyandir ciki, bayan kwana uku a zubar. Yau dai wani ya ɗauke ni manomiya." Sannan dariya tak kama ta har sai da tad dafa bango.

Nis samu ƙofa, sai nib buɗe baki: a yi haƙuri, al'adarmu ce, ni zan yi wa Sofi bayani da kaina, Ummi kunya take ji, haka yaranmu suke. Goggo Helen taɗ ɗaga cokalin nan kamar sandar liman tac ce, "Lawali, ina son gaisuwarka, ita ce ke fara mani yini. Amma tun da kunka zo, duk tambayar da niy yi wa yarinyar ga, kai ke amsawa. Yau ka ara mata bakin."

Ban taɓa shan mari mai sanyi irin wanga ba.

Tak kai mu garejinta. An shimfiɗa jaridu bisa tebur, Sofi, 'yar ja mai gashi kamar zaren buhu, haƙoran gaba biyu babu, na zaune gaban kabewarta. Kusa da ita kujera guda ba kowa, an aje cokali da 'yar wuƙar yara. Sofi tad dubi hannun Ummi tac ce, "Ina taki?"

Shiru. Jama'a, na san shiru kala-kala, amma wanga ya fi sa nauyi. Amsa na bakina tana tsalle. Luba tat taka mani ƙafa da dukkan nauyin Bakura. Goggo Helen ta juya tana gyaran jarida kamar ba ta nan. Sofi kuwa ba ta ƙara tambaya ba, ba ta yi gaggawa ba, tana dai jira. A gida da tuni mutum biyar sun ce "ke ba magana ake maki ba?" Su sun iya jiran yaro, wannan na ba su.

Ummi tas sa hannu aljihu taf fito da ɓawon nan ta aje bisa tebur. Da wata 'yar murya kamar ta sauro, cikin Turanci tsaf, tac ce, "Mamana ta dafa ta." Tan nuna ni. "Babana ne yay yanka."

Kun ji 'yar albarka. Maganarta ta farko da Turanci a ƙasar Turawa, shaida ce a kaina.

Sofi taz zaro ido. "Kun cinye? Duka?"

"Da saura."

"Da daɗi?"

Ummi tay yi ɗan tunani tac ce, "Ban ci ba. Fushi nike."

Sofi taf fashe da dariya ta wannan giɓin nata, har Ummi tas sunne kai tana murmushi. Sai Sofi taj juya kabewarta, tan nuna bayan da ba rubutu tac ce, "Ki yi fuska nan, ni in yi nan. Tamu za ta fi ta kowa, mai fuska biyu." Goggo Helen tat tura mu waje ni da Luba tar rufe ƙofa. A bakin titi Luba tas share ido da gefen mayafi tac ce, "Kalma goma ba magana ba ce. Mu gani dai."

Saura batun fita yawon. Ni ba malami ba ne, na san akwai masu cewa a bar shi gaba ɗaya, kuma ban ja da su. Luba tak kafa sharuɗɗanta: ba ɗiyarta da shigar fatalwa ko mayya, sai an yi magariba za a fita, kuma ba alawar da za ta shiga baki sai an karanta abin da ke cikinta. Munka tambayi Ummi mi take so ta zama. Tac ce, "Inna."

Daren bikin anka ɗaura mata zane har ƙirji bisa rigar sanyi, anka yafa mata mayafin uwarta, niz zuba mata garin fulawa a gira, sandar goge-goge taz zama sanda. Tad duƙa tad dafa ƙugu, tac ce, "Wash, bayana. Lawali, kai dai ba ka da aiki sai surutu." Muryar Inna sak. Luba tay yi dariya har taz zauna ƙasa.

Da munka fito, layin ya zama wani gari. An tare bakin titi ba mota mai shiga. Kowane gida an kunna fitilar ƙofa, tsofaffi sun fito da kujeru da barguna suna jiran yara kamar masu jiran baƙi daga hajji. Manya-manyan mutane, har da shugaban sashenmu na wurin aiki, wanda ban taɓa ganin haƙoranshi ba, ya yi shigar ayaba shina raba alawa. Ƙaton mutum shi duƙa har ƙasa gaban ɗan shekara uku shi yi kamar ya tsorata don dai yaron shi ji daɗi. Na yi yawon sallah, na yi tashe har an kore ni da muciya, amma ban taɓa ganin gari guda ya aje girmanshi saboda yara haka ba.

Abin da yaran ke faɗa a ƙofa gajere ne, ma'anarshi a ba mu alawa ko mu yi ta'adi. A ba su, su yi godiya, su ruga. Sofi, da tay yi shigar kyanwa, ta koya wa Ummi. Amma fa Ummi yanzu Inna ce, kuma Inna ba ta taɓa zuwa ƙofar mutum ta miƙa hannu ba gaisuwa. Gida na farko, mai ƙwarangwal ɗin nan, mutumin yab buɗe da kwanon alawa. Tsohuwar Birnin Tudu tad dogara sanda, cikin Turanci tac ce, "Ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya sanyi? Yaya karenka? Wancan bawan Allah na kan kujera, yaya jikin nashi?"

Mutumin yad dube ni. Nir rufe bakina da hannu biyu. Sai yad duƙa yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har yac ce na kan kujera da sauƙi, sai dai rama. Ummi tac ce, "Allah shi ƙara sauƙi." Sannan tam miƙa jaka.

Haka munka bi gida ashirin. Bayanmu layi ya taru, aljanu da 'yan sama jannati da wani ɗan kada duk sun tsaya suna jiran Inna ta ƙare gaisuwa, ba uban da yay yi tsaki. Kafin mu kai tsakiyar layi Sofi ta ɗauka, ita ma tana tambayar mutane karensu. Wani tsoho da ke zaune shi kaɗai, da Ummi tat tambaye shi yadda yak kwana, sai yaf fara ba ta labarin ƙugunshi tun daga farko, dole nij ja ta. A gidaje uku kuma, suna ganinmu sai su ɗauko wani kwano daban su ce wagga ba komi na alade ciki, Helen ta gaya mana. Ashe tsohuwar ta bi layin tun da rana.

Kafin isha'i mun dawo. Yaran biyu sunka zazzage jakunkuna tsakar ɗakinmu. Luba na karanta bayan kowace alawa da tabarau, wadda ba ta yarda da ita ba ta ture gefe. Sai nij ji Ummi ta ja tarin nan gabanta ta fara ciniki da Sofi.

"Wagga babba ce, ki ba ni cakulan biyu."

"Ɗaya dai."

"Biyu. Dubi launinta, ba irinta a jakarki. Don ke ce ma."

"To ɗaya da rabi."

"Albarka." Wannan da Hausa tac ce, tak kawar da kai kamar ba ta so. Sofi tam miƙo biyu. Ummi tak karɓa, sannan taɗ ɗauki wata 'yar ƙarama taɗ ɗora mata tac ce, "Ga gyara."

Kayan da ba ta iya ci ma take sayarwa da tsada. Jinin mahauta ba shi ɓata. Ina tsaye bakin kicin ƙirjina kamar shi fashe, kuma ban ce uffan ba, na fara koyo.

Luba taz zo tat tsaya kusa da ni da kwano a hannu. Ta daɗe tana kallonsu, Ummi na ta zuba, garin fulawa na zubowa daga girarta. Ba ta dube ni ba tac ce, "Baban Ummi, an ce ƙanƙara na sauka mako mai zuwa. Takalmin yarinyar ga ba na ƙanƙara ba ne. Gobe in ka taso ka biya kanti."

Nic ce, "To."

Taj juya za ta koma ciki, sai tat tsaya.

"Ka ɗauko mai ɗan girma. Wanda zai kai ta baɗi."